Godiya ta musamman: Tawada ta miƙe, littafi ma yana hanya

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, magena Tawada ta miƙe. An cire mata ɗinki, ta koma cin abincinta har da na 'yan uwanta, jiya ma ta hau teburina tana turo biro ƙasa ɗaya bayan ɗaya tana kallon tsakiyar idona, to ni dai a wajena wannan ita ce takardar sallama ta gaskiya ba wadda asibiti suka ba mu ba. Saƙonninku sun taru har na rasa ta inda zan fara amsawa, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a fili kowa ya gani, wanda ya turo bai ji ni ba don Allah ya yi haƙuri, wallahi ba wulaƙanci ba ne, kaina ne ba ya tare da ni a lokacin.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyar rubutuna ba, maguna uku ne a gidan nan kuma su ne abokan aikina. Akwai Oga, ƙaton muzuru malalaci, shi ba ruwansa da kowa sai laftof, da na buɗe ta ta ɗan yi ɗumi zai zo ya baje a kai. Akwai Auta, kyanwar Lami ce in dai mutum ne, ba cizo ba yaƙushi, amma duk wayar caja da ta shigo gidan nan sai ta ɗanɗana ta. Sai Tawada, baƙa ƙirin, ita ce shugabar ɓarna, ta iya buɗe durowa, tana sa farce a gefen marfin ta ja a hankali har ya fito. Ta haka ta samu zaren da nake ɗinke takardun littafi da shi in na firinta don gyara.

Ina cikin babi na ƙarshe ne, wa'adin miƙa aiki ya matso, sai wata asuba ba ta zo ta tashe ni ba. Duk mai mage ya san da asuba da kuma magariba ne lokacin haukarsu, sauran ranar kuwa barci, suna iya yin awa 12 zuwa 16. Na leƙa ƙarƙashin gado na ganta a takure, ga amai a gefe, na miƙa mata abinci ta kau da kai, na taɓa cikinta ta yi wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Ita mage ɓoye ciwo take yi, kafin ka gani da ido abin ya riga ya yi nisa. Zuwa dare ƙanwata ce ta lura da ɗan bakin zare yana leƙowa ta ƙarƙashin wutsiyarta.

Godiyata ta farko ga wata baiwar Allah cikin masu karanta rubutuna, ban taɓa ganinta ba, ashe ma'aikaciyar asibitin dabbobi ce. Na yi ɗan rubutu cikin ruɗu ina neman shawara, shawarwari suka yi ta zubowa, wani ya ce a ja zaren a hankali zai fito, wata ta ce a ɓantari farasitamol a jiƙa mata. Ita kuwa kira ta yi kai tsaye, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba ta ce "Anti don girman Allah kar kowa ya ja zaren nan, kuma kar a ba ta farasitamol ko ɗan ƙanƙani, ku tafi asibiti yanzu." Daga baya likita ya tabbatar min, hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol yadda tamu take yi, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta. Baiwar Allah, ke kika fara ceton ta kafin kowa, Allah Ya ba ki abin da kike nema duniya da lahira, kuma littafinki na nan da sa hannu, ba saye za ki yi ba.

Sai Baba maƙwabcinmu. Ku da kuke karanta ni kun san tarihinsa da Oga, kullum sai ya wanke motarsa tas Oga ya je ya bi kan gilashin da sawun ƙasa ya kwanta a kan bonet, har ƙara ya taɓa kawo min. Maigida ba ya gari a daren, na fito da ita a nannaɗe cikin tawul ina neman abin hawa, ya ganni ya ce lafiya? Ina jin nauyin faɗa ma, na ce Baba mage ce ba lafiya. Ya koma ciki ya ɗauko makulli ya ce "'yata shiga mu tafi, ai rai ne." Kuma bai ajiye mu ya juya ba, a benci ya zauna har aka gama. Baba Allah Ya ƙara girma, Ya jiƙan magabata, kuma na yi alkawari zan sayo wa motar nan abin rufa.

Likita kuma, yabon gwani ya zama dole. Abin da ya fi burge ni da shi bai yi min magana a dunƙule ba, zama ya yi ya zana min a takarda. Ya ce harshen mage cike yake da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, su ne kaushin da kake ji in ta lashe ka, suna mata amfani wajen gyaran gashi, amma da zarar zare ya hau kansu ba ta iya tofar da shi, duk motsin da ta yi ƙara tura shi ciki take. Ya buɗe bakinta bayan an yi mata allurar barci ya nuna min, ga zaren ya naɗe a gindin harshe. Wato kai ɗaya a ɗaure a baki, ɗaya kan ya bi hanji har ƙarshe, hanjin kuma bai daina aikinsa na turawa ba, sai ya yi ta tattarewa a jikin zaren kamar yadda ƙugun wando ke tattarewa in an ja mazagi. In aka daɗe, ko wani ya ja, zaren sai ya yanka hanjin, ƙazanta ta zuba cikin ciki, daga nan kuma sai abin da Allah Ya yi. Ya ce shi zare ba ya fitowa a hoton eksire, abin da suke dubawa shi ne yadda hanjin ya cure waje ɗaya, sai da aka haɗa da sikanin aka tabbatar.

Aka aske mata ciki, na sa hannu a takardar amincewa hannuna na rawa har biron ya faɗi. Ba waje ɗaya aka buɗe hanjin ba, gunduwa gunduwa ya dinga yanke zaren yana zarewa don kar ya ja da ƙarfi. Da ya fito sai ya miƙo min shi a 'yar faranti, kore ne, nawa ne, na gane shi sarai. Allah Ya taimaka bai kai ga huda hanjin ba. Likita Allah Ya ƙara basira, da nas ɗin da ta kwana tana duba ƙarin ruwa tana auna zafin jikinta, ita ta koya min cewa na mage tsakanin digiri 38 zuwa 39 yake in tana lafiya, don haka in na ji jikinta ya fi nawa ɗumi kar in tayar da hankalina. Ta kuma turo min hotonta da sassafe tun ban tambaya ba, ido a lumshe, fuska a murtuke, na ce to alhamdulillahi wannan murtukewar tata ce.

Jinyar gida fa ita ce yaƙin. A nan dole in gode wa maigida, da ya dawo shi ya karɓi aikin ba da magani, ni ba ni da zuciyar. Sai ya naɗe ta da tawul kai kawai a waje, ya matse ta a cinya, ya ɗaga haɓa ya jefa ƙwayar can ƙarshen harshe ya rufe bakin yana shafa wuyanta, ita kuma ta yi lamo, ta haɗiye miyau ma don a gani, a sake ta, can anjima sai ka tsinci ƙwayar a bayan kujera. Hannunsa har yanzu duk zane ne. Ga kwalar robar nan da ake sa musu a wuya don kar su lashi ɗinki, likita ya ce ba cirewa sai ɗinkin ya yi kwana 10 zuwa 14, ranar farko da baya da baya ta dinga tafiya tana karo da ƙafar tebur tana harararmu. Abinci kuma da cokali, kaɗan kaɗan, a ɗan ɗumama don ƙamshi ya tashi, don an gargaɗe mu cewa mage in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba kitse na taruwa mata a hanta, wata cutar ce kuma daban. Yallaɓai na gode, Allah Ya bar mu tare, na san ba don su kake yi ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki, da ta dawo gida Oga da Auta ƙin ta suka yi, huci suke mata suna gantsare baya gashi a tsaye, 'yan uwan da suke kwana a cure waje ɗaya. Ashe warin asibiti ne a jikinta, su kuma da hanci suke gane nasu. Ƙanwata ce ta bi shawarar nas, ta ware ta a ɗaki guda, tana goga tsumma a kumatun waɗancan ta zo ta goga mata, ta goga nata ta kai musu, har suka sauko. Auta ce ta fara zuwa, ta shinshina kwalar, sannan ta fara taunar gefenta. Ƙanwata kin sha kwasar kashi da wankin amai ba ki taɓa ɓata rai ba, Allah Ya yi miki albarka.

Malama edita, ban san da wane baki zan gode miki ba. Na kira ki ina in'ina zan ce aiki ba zai samu ba saboda mage, kafin in ƙarasa kika ce in ajiye littafin in kula da mara lafiya. Kuma kika rufa min asiri kan abin da Oga ya yi, bari in tona da kaina tunda ya wuce. Ina asibiti ya samu laftof a buɗe ya kwanta, ya danne harafi ɗaya, a daidai wajen da jarumar littafin ke kuka an rabu da ita sai ga hhhhhhhh layi wajen nawa. A haka fayil ɗin ya tafi. Edita ta turo min tambaya a gefen shafi wai dariyar waye wannan, mugun ne ya shigo? Rabona da dariya tun kafin ciwon sai ranar. Ita ce kuma ta turo min hoton wani tsohon kundi da ke ma'ajiyar tarihi ta birnin Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya, rubutun hannu na shekarar 1445, wata mage ta taka tawada ta bi ta kan shafin ta bar sawunta ɓaro ɓaro, wani mai binciken tarihi ya ɗauki hoton a 2011. Ina kallo ina tausayin magatakardan nan, shi ba shi da madannin gogewa, kuma da alama bai sake shafin ba, haka ya ci gaba da aikinsa.

Masu karatu kuma ku ne ƙarshe amma ba don kun fi ƙanƙanta ba. An saba ina sakin rubutu a kan lokaci, na ɓace ɗif, ba wanda ya zage ni, sai addu'a da hotunan magunanku da kuka dinga turowa. Waɗanda suka turo gudummawa ban roƙa ba, kun ce kar in faɗi suna, ba zan faɗa ba, Allah Ya mayar muku da ninkinsa. Akwai 'yan kaɗan da suka rubuto wai duk wannan hidimar a kan mage, ga mutane na fama. Ban riƙe kowa a rai ba, mutane na fama gaskiya ne, amma ita wannan a hannuna take, ni zan amsa tambaya a kanta, kuma hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu yana cikin Bukhari da Muslim, kowa ya san inda ta ƙare.

Da yawanku kun ce a sa sunan Tawada a bangon littafi. Ba ku ne farau ba fa, a 1975 wani malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, Jack Hetherington, ya gama buga maƙalarsa da tafireta sai aka nuna masa ya yi ta rubuta "mu" alhali shi kaɗai ne marubucin, mujallar kuma ba ta yarda da haka. Maimakon ya sake bugawa daga farko sai ya ƙara sunan muzurunsa Chester a matsayin marubuci na biyu, ya kira shi F.D.C. Willard, aka kuwa buga. Ni dai bango ba za ta hau ba, wahalar da ta ba ni ta isa, amma shafin godiya akwai sunanta. Oga babu, sai ya nemi afuwar jarumata.

Don Allah masu maguna a gida a dinga kula da duk wani abu siriri mai tsawo, zaren ɗinki musamman mai allura a jiki, ribon, robar ɗaure gashi, zaren sakace, in kuma kun ga bakinsa a baki ko a baya hannu ya tsaya, a nemi likitan dabbobi. Durowata yanzu da kwaɗo, ta gwada ta sau da yawa tana zuwa tana kallona.

Rubutu zai ci gaba mako mai zuwa in sha Allahu daga inda muka tsaya, ranar fitowar littafi kuma sai edita ta sanar, ni ba zan sake yanka wa'adi da bakina ba. Kwalar roba da kejin da muka yi jinya da su suna nan a wanke, duk wanda magensa ke buƙata ya yi min magana ta inbox in ba shi aro, gefen kwalar ne kawai Auta ta ɗan ci amma tana aiki. Na gode, na gode, Allah Ya bar zumunci.