Mako uku ina bin sawun fitilar injin a Tahoua

Ƴan'uwa abokan koyo, ina muku sallama daga Tahoua. Makonni uku ke nan ina fama da ƴar fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar injin da ke kamawa a tablo, wato allon fitilu da ke gaban direba, kuma na ga ya dace in rubuta inda na kai, har da kuskuren da na tafka, domin na baya kada ya faɗa ramin da na faɗa. Motar ta kawuna ce, Toyota Corolla ƙirar 2005 mai shan fetur, irin waɗanda suka yi aiki a Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ya ba ni ita in koyi aiki a kanta bisa sharaɗi guda, cewa kada in kwance abin da ba zan iya mayarwa ba.

A makon farko na samo na'urar binciken da masu gareji a nan ke kira balis. Tawa ƙarama ce, irin ELM327, wadda ke magana da waya ta Bluetooth. Ana soka ta a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ka durƙusa da tocila kafin ka gan ta. Wannan tsari da mota ke faɗin matsalarta da lamba, wanda ake kira OBD-II, ya zama dole a Amurka tun 1996, a Turai kuwa daga 2001 ga motocin fetur, na gazuwal kuma suka biyo baya a 2004. Saboda haka kada ku wahalar da kanku kan tsofaffin Starlet irin na taksin Yamai, yawancinsu sun girmi tsarin. Na murɗa kontak ban tada injin ba, wayar ta nuna lamba ɗaya, P0171, ni kuwa ko rubuta ta ban tsaya yi ba, na danna wurin gogewa. Fitila ta mutu, Kawu ya sa mini albarka, na kwana ina jin na zama gwani.

Bayan kwana biyu ya kira ni daga hanyar Konni, ya ce, "Ɗana, baƙuwarka ta dawo." Da na kai labari ga maigidan garejin da nake zama wurinsa da yamma, bai ko ɗago kai daga aikinsa ba, ya ce, "Kai yaro, ka toshe bakin mai kuka, ba ka tambaye shi inda ke masa ciwo ba." Daga baya na fahimci dalilin kwana biyun. Irin wannan lamba, sai kwamfutar motar ta ga matsalar a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a daidai lokacin da lamba ta shiga, kwamfutar na adana hoton halin da injin ke ciki, da zafinsa da yawan juyinsa da gudun motar, kuma gogewar da na yi ta share wannan shaida duka. Cire kan batir, wanda mutane da yawa ke yi, ɓarnarsa ɗaya ce. Akwai ma masu cire ƙwan fitilar ɗungurungum kafin su sayar da mota, don haka idan kun murɗa kontak ba ku ga ta kama tare da sauran fitilun tablo ba, ku san an yi mata aika-aika.

A mako na biyu na zauna na karanta lambar kamar yadda ya kamata tun farko. Harafin P na nufin injin da giya, sifilin da ke biye na nuna lamba ce ta bai ɗaya ga dukan kamfanoni, 1 da ke bin sifilin kuma ɓangaren mai da iska ne. Ma'anar P0171 ita ce iska ta yi yawa a kan fetur. Injin fetur na son kusan giram 14.7 na iska a kan giram ɗaya na mai, kuma mai sa ido kan haka wata ƴar na'ura ce da ke cikin bututun hayaƙi, wadda ake kira son lamda, tana auna ragowar iskar oksijin. Nan da nan zuciyata ta ce in je kasuwa in sayo sabuwa, kuma mai sayar da kayan mota ya goyi bayana, abin da ba zai ba kowa mamaki ba. Maigida ne ya hana, ya ce ita shaida ce kawai ta bayar, ba a kama mai shaida a bar ɓarawo.

Ya nuna mini in duba adadin ƙarin man da kwamfutar ke yi domin cike giɓin. A injin mai lafiya wannan adadi na yawo kusa da sifili, idan ya haura kashi 10 cikin ɗari kuwa akwai magana. Na bar injin ya yi zafi, a ralanti, wato injin na aiki ba a taka totur ba, na ga kashi 24, da na taka totur zuwa juyi 2,500 a minti sai ya sauko zuwa 11. A wannan saukowar amsar take. A ralanti iskar da injin ke ja kaɗan ce, saboda haka ƴar ƙaramar ɓula da ke shigar da iskar da ba a auna ba tana da babban tasiri, amma da an buɗe totur sai ta ɓace cikin yawan iskar da ke shiga ta hanyarta. Da a ce adadin ƙaruwa yake yi tare da juyi, da sai in fi zargin famfon mai ko na'urar auna iska. Tunda bai sauko ƙasa da 10 ba, na yi zaton ɓarayin biyu ne, ɓula da na'urar auna iska.

Na fara da na'urar auna iska, wadda ke bayan akwatin filta, kusoshi biyu ke riƙe da ita, turnabis kawai ake bukata. Da na haska cikinta na ga siraran wayoyi guda biyu, ba su fi kaurin gashi ba sosai, ƙura ta lulluɓe su sun yi ja kamar ƙasar hanya. Waya ce da ake zafafawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ake lissafin yawanta. Idan ƙurar hunturu ta yi mata bargo sai ta faɗi ƙasa da gaskiya, kwamfuta kuma ta rage mai. Na fesa mata maganin wanke kayan lantarki daga nesa, ban taɓa ta da yatsa ko tsumma ba, na bar ta ta bushe a inuwa. Filtar kuwa sauya ta na yi, domin an sha hura ta da iskar kwamfaresa har ta yage a gefe.

Ɓular ta fi ba ni wahala. Na yanko guntun tiyo, na kara gefe ɗaya a kunne, ina yawo da ɗayan a kan injin yana aiki, ina kaffa-kaffa da bel da farfela, har na ji wani siririn sauti kamar na maciji. Tiyon da ke ɗauko tururin mai daga murfin kan injin ne ya tsage a ƙarƙashin lanƙwasarsa, inda ido ba ya kaiwa, robar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Wasu na neman ɓula ta hanyar fesa abu mai kama wuta a kan injin mai zafi, ni dai ban ga hikimar haka a zafin Tahoua ba.

Duk wannan natsuwa ta samu ne saboda fitilar a tsaye take. Da ƙiftawa take yi, da labarin ya sha bamban, domin alama ce cewa wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na tafiya cikin katalizar, wato matatar da ke cikin bututun hayaƙi, yana ƙona shi, kuma abin yi shi ne a rage gudu a nemi wurin tsayawa.

A mako na uku, bayan na sa sabon tiyo, da gangan na ƙi goge lambar, ina so motar ta ba da shaida da kanta. Ƙa'idar ita ce fitila na mutuwa bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta sake bayyana ba, lambar kuma ta ci gaba da zama a ajiye har sai injin ya tashi daga sanyi zuwa zafi sau 40. Kowace safiya ina rubuta adadin ƙarin man a littafi: 15, sai 8, sai 4. Ranar Alhamis Kawu ya tada mota zai tafi kasuwa, fitilar ta kama tare da ƴan'uwanta, ta mutu tare da su. Yanzu motar wani maƙwabcinmu ke jirana da lambar P0302, wato silinda ta biyu na tsallake wuta. Niyyata in musanya bobin ɗinta, wato na'urar da ke ba buji wuta, da na ta uku kafin in sayi ko buji ɗaya, in ga ko lambar za ta koma P0303.