Uwa daban, uba daban a haɗin iri

Ni sana'ata rainon dashe ce, ina da ɗan lambu a bakin rafi da yara huɗu da muke aiki tare, mu cika leda da ƙasa da taki, mu yi wa mangwaro da lemu aure, wato mu ɗaura reshen wata bishiya a jikin wata, a gefe kuma ina haɗa irin kankana da kokwamba da hannuna. To a nan ne kullum muke samun saɓani da yaran, su a ganinsu ko wanne ka sa ya zama uwa duk ɗaya ne.

Wallahi ba ɗaya ba ne. Da sassafe kafin ƙudan zuma su fito nake tsinko furen namiji in goga garinsa a kan na mace, wanda na rufe tun jiya da yamma, in ɗaura masa zare, a takarda kuma sunan uwa nake fara rubutawa sannan uba. Dalili kuwa, DNA, wato abin da ke ɗauke da gadon halitta, wanda ke tsakiyar ƙwayar halitta shi ne ake samun rabi daga uwa rabi daga uba, amma akwai wasu ƙananan abubuwa biyu masu nasu DNA ɗin daban, kuloroplas da ke sa ganye kore yana haɗa abinci da hasken rana, da maitokondiriya mai ba ƙwayar ƙarfi, su waɗannan ba a raba gadonsu, yawanci ta wajen uwa kaɗai suke zuwa. Kankana haka take. Amma ita kokwamba maitokondiriyarta ta uba ce, ayaba ma a 1994 masu bincike na Faransa suka nuna kuloroplas na uwa, maitokondiriya na uba, ɗan itacen nan kiwi kuma galibi kuloroplas ɗinsa daga uba yake ɗauka. Lemun Satsuma na Japan ma rashin ƙarfin garin furensa layin uwa yake bi, shi ya sa masu neman lemu mara ƙwallo suke sa shi uwa.

Aure kam hankalina kwance, reshen da na yanko da komai nasa yake zuwa.

Bara iska ta tsinke min takardun layi guda na kokwamba, yaron ya mayar da su yadda ya tuna, ya ce Baba ai na gane su. Ban yarda na sayar wa kowa irin layin nan ba, manomi da kuɗin guminsa yake saye. Miya da kwaɗo muka yi ta ci da su a gida, yanzu kuma ƙarfen gwangwani nake yankawa in karce sunan da ƙusa.