Abin da ɗakin gwaji ke dubawa a zumar shago

Gwajin ashana da ɗiga zuma a kofin ruwa ba sa kama algus. Kauri kawai suke nunawa, kuma ruwan suga da aka dafa ya yi kauri zai wuce su lafiya lau. Daskarewa ma ba shaidar jabu ba ce, gulukos, wani nau'in suga da ke cikin zuma tun asali, shi ne ke yin tsaki-tsaki.

A ɗakin gwaji ruwa ake fara aunawa, da ɗigo ɗaya a kan na'urar rifraktomita. Ƙa'idar Codex, wato ma'aunin ingancin abinci na duniya, ta ce kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Idan aka ɗebe zuma kafin ƙudajen zuma su rufe saƙa da kaki, ruwan kan yi yawa, sai ta yi tsami, kumfa ta taru a wuyan kwalba, murfi ya kumbura.

Sai sinadarin HMF, mai tona asirin zafi, don yana ƙaruwa idan zuma ta sha zafi. Iyakarsa miligiram 40 a kilo, amma an sassauta wa zumar ƙasashe masu zafi zuwa 80. A nan ne zuma ta gaskiya ke faɗuwa, abin takaici: an narka saƙa a kan wuta, ko an jera kwalabe cikin rana a bakin titi. Zafin yana kuma kashe sinadarin dayastes, wanda ƙudan zuma ke sanyawa a zuma, kuma ake so ya kai maki 8.

Sukuros, wato irin sugan shayi, kada ya haura giram 5 cikin 100. Sugan rake da na masara da aka cakuɗa a zuma, gwajin kabon (mai duba nau'in sinadarin kabon da ke cikin sugan) ke kamawa, idan suka wuce kashi 7. Na shinkafa kuwa yana zille masa, dole a ƙara da wani gwajin kamar NMR, mai amfani da maganaɗisu wajen tantance sinadaran zuma.