Lambar da Na Yi wa Shaida Ban Gwada Ta Ba

Ƙannena masu son lissafi, akwai lambar da har yau nakan tuna da ita duk lokacin da na ji zan yanke hukunci da gaggawa: 333,333,331.

Ina ɗalibi na fara sha'awar lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu, kamar 7 da 13. Wata rana na ci karo da wani jeri: 31, 331, 3,331, 33,331, har zuwa 33,333,331. Bakwai ne, kuma dukkansu marasa rabuwa. Da na zo ta takwas, 333,333,331, sai na ga ba ta rabuwa gida biyu, ba ta ƙare da 5 ba, jimillar alƙalumanta 25 ne, saboda haka 3 ba ta shiga. Na gwada 7, ta bar saura. A nan na ajiye biro na ce ita ma 'yar gidan ce, har na faɗa wa abokan karatuna da cikakken tabbaci. Ɗaya daga cikinsu ya zauna ya ci gaba daga inda na tsaya. 11 ba ta shiga ba, 13 ma haka. Da ya zo 17 sai ta shige tsaf: 17 sau 19,607,843. Gwaji uku kacal suka rage tsakanina da gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne wasu sun riga sun rubuta maganata a littattafansu saboda sun yarda da ni. Kama da wane ba ta wane, amma ni kamannin jerin na bi. Misali bakwai da suka zo daidai ba su ce komai ba a kan na takwas.

Ƙa'idar da na tsallake mai sauƙin faɗa ce. Kafin ka ce lamba ba ta rabuwa, sai ka gwada ta da duk marasa rabuwa har zuwa tushenta, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita. Tushen tawa ya ɗan haura 18,257, ni kuwa na tsaya a 7.

Manya ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A 1640 Bafaranshen nan masanin lissafi Fermat ya dubi 3, 5, 17, 257 da 65,537, jerin da ake samun ta gaba in an cire 1 daga ta baya, aka ninka abin da ya rage da kansa, aka ƙara 1. Ya ga dukkansu marasa rabuwa ne, ya yi zaton duk jerin haka zai tafi. Sai a 1732 wani masanin lissafi, Euler, ya nuna cewa ta gaba, 4,294,967,297, daidai take da 641 sau 6,700,417. Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne hanyar da ake bi: an tabbatar duk abin da zai raba wannan lamba dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1, kuma 641 shi ne 64 sau 10 da ɗaya. Tunani ya rage aikin gwajin ƙwarai, amma sai da aka yi gwajin.

Don haka in kun rubuta sakamako, ku raba abin da kuka tabbatar da abin da kuke zato, ku rubuta "ina zato" ɓaro-ɓaro a gefensa. Ga 2,047 nan, wato a jera 2 guda goma sha ɗaya a ninka su da juna, sannan a cire 1. Ku ɗauki biro ku fara daga 3, kada ku tsaya kafin ku kai 45.