Inna da jikanta a gidan sistoci

Yau da rana na kai saƙo gidan sistocin Dominikan, wato matan da suka keɓe kansu don hidimar cocin Katolika, a nan Gusau, sai na tarar da wata dattijuwa da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu, jikanta a cinya, jiki zafi rau. Wata sista ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu Inna, kun ci abinci kuwa?" Da aka kira azahar, ita da kanta ta kawo mata buta da tabarma, ta karɓi yaron ta riƙe har Inna ta sallame, sannan ta bi 'yan'uwanta coci yin tasu addu'ar. Wallahi sai da idona ya ciko.

Tun 1956 sistocin farko suka zo garin nan daga Amurka. Har yanzu ina ta tunanin ko zazzaɓin yaron ya sauka.