Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Na Sake Riƙe Almakashi

A makon jiya na tsaya a inda Yaya ta kai ni asibiti ba da sanin Umma ba. A gidanmu, da an ce likitan ƙwaƙwalwa, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ke faɗo wa kowa a rai. Ita Umma tuni ta yanke cewa sammu aka yi mini. Ina dalili, yarinyar da ta shekara 4 tana ɗinki, yau ko almakashi ta gani sai hannunta ya hau rawa?

Matar da ta gan ni masaniyar halayyar ɗan Adam ce, ba ta rubuta mini ko ƙwaya ɗaya ba. Har na ji haushi, na ce a raina kuɗin adaidaita sahu ya tafi a banza.

"Idan kika yanka yadin, me zai faru?" ta tambaye ni.

"Zan ɓata shi."

"In kika ɓata fa?"

Haka ta yi ta bi na, sai ka ce mai ɓarar albasa, har na ji bakina ya furta, "Kowa zai gane ban iya komai ba." Sai kuka. Ba ta rarrashe ni ba, ta bari na gama, sannan ta ce in lissafa kayan da na taɓa ɗinkawa. Na kasa ƙirgawa. Waɗanda na ɓata kuwa? Ɗaya tak, leshin wata amarya da uwarta ta tsige ni tas a gaban maƙwabta.

Ta sa na raba shafin littafi gida uku: abin da ya faru, abin da zuciyata ta raya mini, da hujjar da nake da ita. Gida na uku kullum fayau.

Aikin gidan da ta ba ni shi ya fi ba ni mamaki. Wai in je Kantin Kwari in sayi yadi mafi araha, in yanka shi a karkace da gangan. Na kulle ɗaki bayan isha'i, na yi bismillah, na yanka. Gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Na zauna ina jiran abin da zai biyo baya, ba abin da na ji sai kukan janaretan maƙwabta.

Bayan sati uku na yanka atamfata. Washegari ƙanwar Umma ta aiko da shadda, wai ɗinkin Sallah take so.

Mu haɗu mako mai zuwa.