Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Littafin da Yaya ta Ƙona

Makon jiya na tsaya a daren sadakar bakwai, da jama'a suka watse aka bar ni da tabarmi a naɗe da kwanukan maƙwabta da ba a mayar ba. Masu tambayar rabon gado da tumunin takabata ku yi haƙuri, za mu zo wurin. Yau maganar littafin nan ce ta tokare mini ƙirji.

Abban yara ya rasu a ƙarshen watan Agusta na 2020, a hanyar Kaduna, gaba da Jaji kaɗan. Ban cika wata guda a takaba ba Allah ya yi wa Sarkin Zazzau Shehu Idris rasuwa, ranar Lahadi 20 ga Satumba, bayan shekara 45 yana sarauta. Gidanmu a Kwarbai yake, ina ɗaki ina jin tururuwar mutane zuwa fada, ko'ina salati. Na ce a raina yau kam Zariya duka ta taya ni kuka. Kwana kaɗan hira ta koma wa zai gaje shi, kowa ya koma kasuwarsa. Ni kuwa da sauran tafiya, sai na cika wata huɗu da kwana goma: ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba leƙa ƙofar gida.

Iya, Allah ya jiƙanta, da ta zo gaisuwa ta ga kwanon tuwona ko buɗe shi ban yi ba, ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, kabari ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka. Ci abinci." A lokacin haushinta ma na ji.

Ƙanwata ce ta kawo mini littattafan, guda biyu, a ledar kayan miya, ƙarƙashin daddawa. Irin na soyayyar nan ne da muke haya a Tudun Wada muna 'yan mata, takarda ta yi ja, bango ya yage. Labarin wata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da goyo. A na ɗaya akwai wurin da take tashi tsakar dare ta ɗauko hularsa tana shinshinawa. Nan na ajiye littafin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don ni ma zanna bukar ɗinsa tana ƙarƙashin matashina, da tabon gumi a bakinta, kuma ko ƙanwar tawa ban gaya wa ba. Na zaci hauka ce ta kama ni. Ashe wata mace ta san da haka har ta rubuta.

Ranar arba'in Yaya, yayar Abban yara, ta zo daga Sabon Gari. Ta shigo ɗakina za ta yi sallah, ta ɗaga matashi, ta gani. "Au! Ƙasar ƙanena ba ta bushe ba kina nan kina karatun 'yan soyayya?" Ta fita tsakar gida gaban mata, ta cusa su a murhu ƙarƙashin tukunyar shinkafar sadaka. Saura mini shafi kamar ashirin na ƙare na biyu. Kun san me na ce? Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri." Kalmar nan har yau tana ci mini rai. Shekara goma sha ɗaya ina zaune da ƙaninta, ni na yi jinyar mahaifiyarsu har ta cika a hannuna, ita tana zuwa ranar Juma'a da lemo a leda. Hular kuma tana nan kusa da littafin, ta gan ta, ba ta ce komai a kanta ba. Bara ma da muka haɗu wurin suna a Gyallesu ta kawar da kai, ni na bi ta na gaishe ta don albarkacin yara.

Da hunturu ya shigo barci ya ƙaurace mini gaba ɗaya. Matar cikin littafin nan ta hana ni sakat, na bar ta ana buga mata sallama a zaure, ban san ko ta fita ba. Sai na ɗauki littafin rubutun babbar 'yata na makaranta da biro, na ce ni zan ƙarasa mata. Karo na farko kashe ta na yi, ciwon zuciya ya ɗauke ta. Na karanta da asuba, maganar Iya ta faɗo mini, kabari ɗaya mutum ɗaya, na yage shafukan. Na sake. Wannan karon na bar ta ta yi wanka, ta sa kwalli, ta fita zaure. Wani tela ne da shi ma matarsa ta rasu. Ban sa ta manta da na fari ba, na bar mata hular a akwati, telan ya sani kuma bai ce ta jefar ba. Littafin rubutu uku na cika kafin na fita takaba a farkon Janairu.

Daga baya na buga shi a waya na sa a wani zauren mata na WhatsApp. Wata daga Funtua ta turo mini saƙon murya tana kuka, ita rigar mijinta ce a wajenta.

A 2023 aka ɗaura mana aure da Malam, na tare a Samaru. Iya ba ta ga ranar ba. Yaya tana da rai da lafiya, ba ta zo ba, ta aiko a ce mini dama ta san za a rina tun ranar arba'in. Daren da zan tare na kira ɗana na fari na miƙa masa hular babansa. Ya gwada, ta rufe masa kunnuwa, ya ce, "Umma, ki ajiye mini sai na girma."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar gado.